Sunan Ɗan Fari

Kai ne, Ɗanmaliki. Kai ka ɗauki alƙalami ka rubuta wa mutanen Zariya wai na ce ban haifi ɗana ba. Ka sha nonon shanuna a cikin ƙwaryata, ka goge baki da hannun riga, ka koma Kankiya ka hau kujera ka maishe ni maƙaryaciya, shi kuma ka maishe shi marar asali. Kada ka ce mani kuskure ne. Baƙon da ya zo daga Ikko yana iya yin irin wannan kuskure. Kai ba ka iyawa, don a gaban idona ka yi rarrafe.

Ni ce Iyatu ta rugar Yashe, mai tallan nono a kasuwar Kankiya tun ba a ba mu mulkin kai ba. Ban yi boko ba, allo ma ban wuce abin salla ba. Ɗiyata Luba ke rubuta mani wannan, ita da ta shiga yaƙi da jahilci, na kuma gaya mata in ta sassauta kalma guda don ganin girmanka ban yafe ba.

Ka san al'adarmu sarai, amma tunda maganar nan za ta faɗa hannun waɗanda ba su sani ba, bari in faɗa. A wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta kiran na mijinta. Ba ta nuna yaron cikin taro ta ce nawa ne. In an tambaye ta sai ta kau da kai ta ce na mutane ne. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, da ita uwata ta rayu, da ita ta mutu. Nawa ɗan farin ina yaye shi aka kai shi bukkar kakarsa, uwar mijina. Ita ta laƙaba mashi Modibbo, wato malam, don tun yana tatata yake zama da tsinke yana zane a ƙasa kamar mai rubutu. Shi kuma Adda yake ce mani, kamar yadda ake kiran babbar ya. Luba kuwa Hamma take ce mashi, wato babban wa. Shekara ashirin da bakwai ke nan ba mu taɓa zama mun fuskanci juna mun yi hira ba. In yana da magana sai ya gaya wa Luba ina ji. In ina da amsa sai in gaya wa ƙwarya yana ji. Kuma ba a taɓa samun saƙon da ya ɓace tsakaninmu ba.

Ubansa ya rasu yana ɗan shekara bakwai. Da aka zo neman yaran da za a sa makaranta, kowa ya ɓoye nasa a bayan garke, ardo ya miƙa maraya. Sai marayan ya ƙi faɗuwa. Ya gama ta Kusada, ya gama ta Katsina, aka ce jami'a ta Zariya ta kira shi. A lokacin nan kai ke riƙe da takardun yaran ƙasarmu masu karatu a waje, kai ka sa shi a karatun likitan dabbobi. Na tuna yadda ka riƙa yawo da zancen a kasuwa, kana cewa ka samo wa Fulani likita daga cikin garkensu. Ban ji haushi ba. Har man shanu na aika gidanku.

Yana shekara ta biyu aka yi farin nan da kowa ya sani. Ya zo hutu da jakar allurai da wani littafi mai hoton cikin saniya. Shanunmu suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, yana bin su yana buɗe baki yana duba ido. Akwai ruwa a fadama, ba nisa, muna hango ƙyallinsa. Amma burtalin da kakanninmu ke bi zuwa can an nome shi, an yi mashi shinge da ƙaya, mai gonar kuma yana da takarda mai hatimi daga wani ofis. Zagayen da ya rage yini guda ne, dabbar da ba ta da ƙarfi ba ta kai wa. Farar saniyata ta sadaki a jikin shingen nan ta durƙusa. Ya duba ta tun daga haƙori har kofato, sannan ya rufe jakarsa ya zauna a ƙasa. Da Luba ta kai mashi fura sai na ji yana ce mata:

"Ba ta da ciwon komai, Luba. Duk abin da suka koya mani babu allurar da ke buɗe hanya. Wanda ya ja layin nan a takarda shi ya kashe ta, kuma bai taɓa ganinta ba."

Da ya koma Zariya sai ya ajiye karatun dabbobi ya shiga na sha'anin mulki. Suka maida shi baya da shekara guda, ya yarda. Kai ne ba ka yarda ba. Ka tare ni a rumfar masu nono ka ce, "Iyatu, yaron naku ya bar shanu ya tafi neman sarauta." Na ce maka ban san zancen ba. Ka ce, "Ɗan ruga da mulki, to Allah ya nuna mana." Mata suka yi dariya, ni ma na yi, don na ɗauka wasa ne irin na mutanen gari da mu.

Ya gama digirinsa, ya yi bautar ƙasa a ƙasar Yarbawa, ya dawo bana ya ce akwai digiri na biyu da yake nema. Yadda ya yi wa Luba bayani, karatu ne na masu tsara wa gwamnati abin da za ta yi kafin ta yi shi: inda za a haƙa rijiya, inda za a bar wa shanu hanya, wanda za a tambaya kafin a buga hatimi. Mutum goma sha biyu kawai ake ɗauka. Ya cika fom, ya haɗa sakamakonsa, malamansa biyu suka rubuta mashi shaida. Shi da kansa ya rubuta dalilin da ya sa ya canza karatu, don ya ce ita ce tambayar farko da za a yi mashi, har farar saniyar ya sa a ciki. Saura takarda guda, ta gida, mai cewa shi ɗan ƙasar nan ne kuma an san iyayensa. Wannan a hannunka take.

Ranar wata Laraba da hantsi sai ga Fijo ɗinka ta tsaya a bakin ruga, don ba ta iya shiga yashi. Ka taho da ƙafa kana ɗage babbar riga, tsoho Shehu masinja na biye da kai da jaka. Aka shimfiɗa maka tabarma a gindin gawo. Baffa Manu, wan mijina, ya zo ya zauna, da wasu dattawa biyu. Na dama fura na sa man shanu a kai, ka sha har ka nemi ƙari. Sannan ka buɗe jaka, ka ce a kira ni.

Na durƙusa daga nesa. Ka kira sunan yaron na yanka, ka haɗa da sunan ubansa, da ƙarfi, ka ce, "Iyatu, wannan ɗanki ne?"

Sunaye biyu da ban taɓa ɗorawa a harshena ba, a jere, a gaban wan mijina. Na ja mayafi na rufe fuska na ce, "Ni ban sani ba, ku tambayi masu shi."

Dattawa suka yi dariya. Kai ma ka yi.

"Ba ke kika haife shi ba?"

"Na mutane ne."

"To me yake ce maki?"

"Adda."

"Adda, ashe ke yayarsa ce. In sake tambaya ta uku: kin san shi ko ba ki san shi ba?"

Na tashi na shige bukka. Ina jin Baffa Manu yana cewa, "Kai Ɗanmaliki, ka bar tsokanar matar nan, ga ni nan in tambaya ce." Ka ce mashi ba sai an kai ga haka ba, ka samu abin da ka zo nema. Ka yi rubutu, ka sa Shehu ya dangwala yatsa. Har ƙwai na aika maka da su mota.

Bayan sati uku Modibbo ya sauka daga motar kasuwa, ba ko jaka. Ina tsakar ruga ina kaɗa nono. Ya zauna a kan turmi ya ba ni baya, ya ce a kira Luba daga gidan mijinta. Da ta zo ya ciro takarda daga aljihu, wani malaminsa ne ya ji tausayinsa ya ba shi kwafin wadda ka aika Zariya. Ya riƙa karantawa da Turanci yana juya mata da Hausa. Wai mai neman nan ba shi da tsayuwa a kan abu guda, an tura shi wani karatu ya watsar ya kama wani. Wai kuma asalinsa akwai shakka, don matar da ake cewa uwarsa ce ta musa shi sau uku a gaban shaida, shi ma ba ya kiran ta uwa. Wai mai yiwuwa daga tsallaken iyaka aka shigo da shi yana ƙarami, ta wajen Maraɗi.

Luba ta ce, "Maraɗi? Mu da ko Jibiya ba mu taɓa kai wa ba?"

Ya ce, "Sun ce in ban kawo wata takardar kafin ƙarshen wata ba, za su ba wani gurbin. Kwana tara ya rage."

"To ka je ka samu Ɗanmaliki mana, Hamma."

"Na je. Ya ce shi abin da kunnensa ya ji ya rubuta." Ya ninke takardar. "Ki gaya wa mutanen gida kada kowa ya damu. Akwai aikin akawu a Kaduna, zan kama. Ba laifin kowa ba ne."

Mutanen gida ni ke nan. Na ci gaba da kaɗa nonon har man ya tashi ya wuce, ban sani ba. Sannan na ce wa ƙwarya, "Wanda ya ce zai tafi Kaduna ya ajiye takalminsa tukuna."

Washegari na yi sammako na shiga Kankiya, ba tallan komai. Gidanku na nufa, wurin tsohuwarka Kubura, wadda nake kai wa nono shekara talatin. Na iske ta tana tsince wake a tire.

"A'a, 'yar daji, yau ba kasuwa ba. Ina ƙwaryar, ko shanun sun yi yaji?"

"Ban zo da nono ba, Yaya Kubura. Tambaya na kawo."

"Allah ya sa ba ta gado ba ce, malamin gidan ya daɗe a ƙasa."

"Mutumin nan mai Fijo, mai kwana a shiyyar gabas ta gidan nan, ɗanki ne?"

Ta saki tiren. "Ke Iyatu, wane irin rashin ta-ido ne wannan da safe?"

"Ɗanki ne ko ba ɗanki ba ne?"

"Na mutane ne. Ki tambayi baffanninsa."

"Mene ne sunansa na yanka?"

"Wai wani abu kika sha a hanya?"

"Sau uku ke nan kin musa shi. Da ina da alƙalami da yau ya zama mutumin Maraɗi."

Na zauna na kwashe mata labarin duka. Ka san tsohuwarka da baki, amma ranar nan har kaji suka taru a kan waken ba ta kore su ba. Kai ma ɗan fari ne, Ɗanmaliki, sunan nan da kowa ke kiran ka da shi ma laƙabi ne da aka ba ka don ita ta samu abin kira. Daga baya ta ce, "Kin san ba na iya yi mashi faɗa. Ko ido ba mu haɗawa." Na ce na sani, abin da ya kama ni shi ya kama ta. Ta ce, "Amma ranar Talata kwamitinsu na harkar ɗalibai ke zama, Alhaji Sodangi zai zo daga Katsina, shi ne babbansu. Ki shiga kafin azahar, don in ya ci abinci ba ya jin magana. Kuma ba ni na gaya maki ba."

Ranar Talata na taso da Baffa Manu, tsohon da ƙafa ke damu, na ce shi zai yi magana ni in tsaya baya. Muka iske Shehu masinja a kan benci a bakin ƙofar ofishinku. Yana ganina ya miƙe.

"Iyatu, wallahi ban san abin da ke cikin takardar nan ba. Yatsa aka ce in sa, na sa."

"Ban zo wurinka ba. Buɗe."

"An hana kowa shiga. Aikina ne, ki rufa mani asiri." Ya dubi hagu ya dubi dama. "Amma buta ta ƙare ruwa, bari in je rijiya. Rijiyar da ɗan nisa."

Muka tura ƙofa. Mutum biyar a kan dogon tebur, fanka na juyawa a sama, kai kana gefe da tarin fayil. Ka ga fuskarka a lokacin? Ni na gani. Alhaji Sodangi, wani siririn dattijo mai tabarau, ya ce lafiya? Baffa Manu ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya ce shi wan uban yaron ne, a hannunsa aka yanka ragon suna, ya zo ya ba da shaida.

Ka ce, "Ranka ya daɗe, ba a yi musun baffa ba. Amma abin da ke rubuce shi ne uwa ta musa. Maganar baffa ba ta goge ta uwa. Takarda ba ta san kunya ba, abin da aka faɗa take ɗauka."

Alhaji ya dube ni ta saman tabarau. "Baiwar Allah, ke ce uwar?"

Na dubi Baffa Manu. Tsohon ya gane abin da ke tafe, ya sunkuyar da kai. Na tuna uwata. Sannan na tuna mutum zaune a kan turmi yana cewa ba laifin kowa ba ne. Na sauke mayafi daga fuskata, na miƙe tsaye, ni da ban taɓa tsayuwa a gaban maza ba.

"Ma'aruf ɗan Bube. Ni na haife shi."

Na maimaita.

"Ma'aruf ɗan Bube. A rugar Yashe, da kaka, ana yankan gero, bayan naƙudar kwana biyu. Bube mijina ne, kabarinsa na nan gabas da gawo. Yaron yana da tabo a ƙwaurin hagu inda maraƙi ya tunkuye shi. Nonona ya sha wata ashirin da biyu. Sau nawa aka ce na musa? Uku? To ga na ukun: Ma'aruf ɗan Bube ɗana ne. Ku rubuta. Kai mai alƙalami, me kake jira?"

Baffa Manu ya tashi da sandarsa ya fita, bai dubi kowa ba. Alhaji Sodangi ya cire tabarau ya ce, "Innalillahi. Ɗan fari ne?" Na ce ɗan fari ne. Ya juya wurinka. "Malam Ɗanmaliki, kai ba mutumin garin nan ba ne?"

A nan ne gaskiyarka ta fito. Ka ture fayil ka ce, "Ranka ya daɗe, a bar zancen uwa. Duk ƙasar nan, daga Kusada har Fakuwa, ba mu da likitan dabbobi ko guda wanda yake namu. Na samu gurbi ɗaya da ƙyar, na ba yaron nan, na hana wasu. Ya yi shekara biyu ya watsar. Masu son zaman ofis sun yi mana yawa, tun da kuɗin mai ya zo kowa babban sakatare yake son zama. In aka bar wannan ya wuce, gobe duk wanda muka tura sai ya canza."

Ban ce ƙarya ka yi ba, ko a can ban ce ba. Muna buƙatar likita, ni na fi ka sani, ni ke kwana da shanu. Abin da na ce maka shi ne:

"To me ya hana ka rubuta haka? Ka ce yaron ya saɓa maka, ka sa sunanka a ƙasa, su mutanen Zariya su auna maganarka da tasa. Da haka ka yi da ban tako nan ba. Amma ka san maganarka ita kaɗai ba ta kayar da shi, don ya riga ya gaya masu dalilinsa. Shi ne ka zo ka ari bakina. Ka zo rugata, ka zaɓi ranar da wan mijina ke nan, ka yi mani tambayar da ka san amsarta tun kana cikin zani."

"Iyatu, ki iya bakinki, nan ofis ne."

"Na iya shi shekara ashirin da bakwai, kai ka kwance shi. Kuma tunda zancen canza karatu ake, kai me aka tura ka koyo? Ba malanta ba? Ba don ka koyar da yaran Bauranya aka kai ka Katsina ba? Wata nawa ka yi a aji kafin ka gano inda fanka take?"

Wani mai jar hula a ƙarshen tebur ya fashe da dariya, ya mai da ita tari. Alhaji ya buga tebur ya ce ya isa. Ya sa aka kawo takarda, ya rubuta da hannunsa cewa uwar mai nema ta bayyana a gaban kwamiti ta tabbatar da ɗanta, ya buga hatimi. Na dangwala yatsa, bayan na sa mai jar hula ya karanta mani da Hausa sau biyu. Sai dai Alhaji ya ce akwai abu guda: takardar farko ta riga ta shiga fayil a Zariya, kuma a ƙa'idarsu ba mai janye ta sai wanda ya sa mata hannu. Ya ce maka ka rubuta janyewa. Ka ce to, ranka ya daɗe, za ka duba. Aka kira azahar, ka fita ta ƙofar baya. Da Alhaji ya koma Katsina sai aka ce ka tafi rangadi.

Modibbo ya ɗauki sabuwar takardar ranar Laraba. Kafin ya fita ya zo bakin bukkata ya tsaya. Labari ya riga ya iso ruga, har da yawan sau da na faɗa. Bai kira Luba ba. Ya fuskance ni ya ce, "Adda, na tafi." Ni da shi muka rasa inda za mu ajiye ido. Na ce wa ƙofa Allah ya tsare hanya.

Ya kai a kan lokaci, sun karɓa, sun sa shi cikin waɗanda za a gana da su ranar Litinin ta sama. Amma sun gaya mashi a fili cewa takardu biyu ne a fayil ɗinsa daga gari ɗaya, ɗaya na ƙaryata ɗaya, kuma mutanen da za su zauna a kansa sai sun tambaye shi wacce ce ta gaskiya. Masu nema sun fi arba'in. Wa zai tsaya warware rigimar ɗan ruga alhali ga wasu can da fayil mai tsabta? Yaron da ya kamata ya shiga ya yi bayanin burtali da rijiya, zai shiga ya yi bayanin cikin da ya ɗauke shi.

Ni kuwa ga abin da na samu. Baffa Manu bai sake shigowa shiyyata ba, in mun haɗu a hanya sai ya ratse. A rumfar nono yaran mata na ƙus-ƙus, wata marar kunya har ta ce mani, "Inna Iyatu, ashe sunan mijin naki da daɗi." Tsofaffin ruga sun rabu biyu, wasu na cewa na kyauta, wasu na cewa ko me za a rasa bai kamata ba. Ban yi nadama ba. In an sake kira na gobe sai in faɗa a lasifikar masallacin Juma'a. Amma abin da na zubar a ofishinka ba ya kwasuwa, kuma ba don raɗin kaina na zubar ba.

Yau kwana huɗu ina zuwa ofishin nan. Shehu ya gaji da ce mani ba ka nan, yanzu benci kawai yake matsa mani. Fijo ɗinka kuwa na ganta jiya a bayan gidan surukinka an lulluɓe ta da tabarma, rangadin ke nan. An ce mani kuma sati mai zuwa za ka Bauranya tantance wani yaro, shi ma ɗan fari, uwarsa Hawwa, na san ta. Na riga na aika mata.

Luba za ta yi wannan kwafi uku. Ɗaya a ba Alhaji Sodangi, ɗaya a tura ƙarƙashin ƙofarka, ɗaya a karanta a rumfar masu nono ranar kasuwa in ba ka fito ba. Ba roƙo na zo ba. Ka rubuta wa Zariya da hannunka cewa ka san al'adar da ka yi tarko da ita, ka janye takardarka, a karanta mani ita da Hausa in ji, ta isa can kafin Litinin. In kana da ƙorafin canza karatu ka rubuta shi daban da sunanka, ban hana ka ba. Bayan wannan kuma ka zo Yashe, gindin gawon da ka zauna, a gaban Baffa Manu da dattawan da suka yi dariya ranar nan, ka faɗa da bakinka me ya sa ka yi mani tambayar nan.

Ina kan bencin Shehu. Ka fito ka ba ni amsa, Ɗanmaliki.